Kundin tsirran garinmu da bishiyar dangantakar halittu: littafin aiki

9 ga Satumba

Yau shugaban makaranta ya ba ni izini, shi ya sa na buɗe wannan littafi. Aikin kashi biyu ne. Ni da 'yan aji huɗu za mu tara tsirran garin nan iri 60, mu matse su, mu busar, mu liƙa kowanne a kwali da sunansa na Hausa da na kimiyya da danginsa. Bayan haka za mu zana bishiyar dangantakar halittu a bangon ɗakin gwaje-gwaje, wanda yake kallon filin taro.

Shekara takwas ke nan ina koyar da rabe-raben halittu. Bara na tambayi yaron da ya fi kowa maki wane dangi kuka take ciki, ya rasa ta cewa, alhali a inuwarta yake jingine kekensa kullum. Matakai bakwai na rabon halittu, tun daga masarauta har zuwa iri, ya haddace su tsaf, amma bai taɓa ɗora su a kan wani abu mai rai da ya sani ba. Abin ya tsaya mini a rai har tsawon hutu.

Kuɗin farko: katako da aikin kafinta 9,000, robar tsohuwar taya 1,000, tsofaffin jaridu 3,500, kwali 60 a kan 150 ya kama 9,000, gam 2,500. Jimilla naira 25,000. Makaranta ta ba da 15,000.

12 ga Satumba

Kafinta ya kawo matsi biyu. Kowanne allon katako biyu ne, a jera jaridu a tsakani, a ɗaure da roba.

16 ga Satumba

Fitarmu ta farko, bayan makaranta zuwa bakin rafi. Mun samo iri 23. Na kafa musu doka uku: kada a ɗebo ganye kaɗai in akwai fure ko 'ya'ya, a rubuta wuri da kwanan wata nan take, kuma a nemi izinin mai gona.

Da muka dawo na yi musu bayanin suna biyu-biyu. Carl Linnaeus, mutumin ƙasar Suwidin, shi ya daidaita tsarin a littafinsa na tsirrai na 1753. Na ce su ɗauka kamar sunan gida ne da sunan yanka, sai dai sunan gidan ne a gaba. Magarya da kurna gida ɗaya suke, Ziziphus: magarya mauritiana, kurna spina-christi. Na sa aka jera rassansu gefe da gefe. Wata yarinya ce ta fara lura cewa dukansu ganyensu jijiya uku ke tasowa daga gindinsa, kuma ƙayarsu biyu-biyu take, ɗaya a miƙe ɗaya a lanƙwashe. Ban nuna mata ba, ita ta gano. Tun daga nan suka fara kallon ganye da wani ido daban.

Sunayen ma da labarinsu. Kuka Adansonia ce, don tunawa da Michel Adanson, Bafaranshen da ya zauna a Senegal wajen 1750. Ɗorawa Parkia ce, sunan Mungo Park, Baturen matafiyin da ya mutu a Bussa a 1806. Wani yaro ya ce: "Malam, ai kakanninmu sun riga su sanin ɗorawa." Gaskiyarsa. Shi ya sa na yanke cewa a kowane kwali sunan Hausa ne zai zo a sama da manyan baƙaƙe, na kimiyya a ƙasansa. Amfanin na kimiyyar shi ne bishiyar da wani ke kira darbejiya, wani dogon yaro, wani maina, duk duniya Azadirachta indica ce.

21 ga Satumba

Asara. Na buɗe matsi na tarar funfuna ta cinye 14 daga cikin 23. Kwana uku aka jera ana ruwa, ni kuma na bar jaridun ba a canza ba tun ranar da aka sa su, kuma na ajiye matsin a ƙasa kusa da taga. Ganyen kuɓewa ya koma baƙi ya narke a jikin jarida. Furen tumfafiya, da yake mai kauri ne ga kuma ƙaro, ya ruɓe ya shafi na kusa da shi. Ciyayi da rassan magarya da kurna ne kawai suka tsira.

Abin da ya fi damuna yaran ne. Wadda ta ɗebo furen auduga sai da idonta ya kawo ruwa, domin ta yi tafiya mai nisa kafin ta same shi.

Gyaran da muka yi: canza jarida kowace safiya a kwana huɗun farko, a shanya jiƙaƙƙun a rana a sake amfani da su. Mai kauri a tsaga shi biyu kafin a matse. A sa kwalin katan tsakanin kowane tsiro don iska ta ratsa. Sannan na je wurin mai gidan burodin unguwarmu, na ce: "Alhaji, alfarma na zo nema." Ya amince mu riƙa ɗora matsin a kan rufin tandarsa da daddare bayan an kwashe wuta. Ko kwabo bai karɓa ba. Ƙarin jaridu na naira 2,000.

24 ga Satumba

Tanda ta yi aiki. Kwana uku ganye ya bushe, launinsa bai tafi ba.

28 ga Satumba

Yau ce ranar da ta fi yi mini daɗi tun da aka fara. Na sa aka kawo furen kuɓewa da na rama da na yakuwa da na auduga, aka tsaga kowanne da reza. Duk iri ɗaya: kunnuwa biyar, sannan 'yan sandunan da ke ɗauke da ƙurar fure sun haɗe sun zama bututu guda a tsakiya. Na ce to waɗannan dangi ɗaya ne, Malvaceae. Daga nan na fara lissafa musu sauran 'yan dangin: lalo, kuka, rimi, goro, har da kokon da ake nomawa a kudu.

Aji ya ɗauki hayaniya. Wata ta ce: "Malam, shi ya sa duk miyarsu ke yauƙi?" Kuɓewa, lalo, kuka. Ban taɓa jera su a raina ta fuskar tukunya ba sai da ta faɗa, kuma hasashenta yana kan hanya, domin wannan majina mai santsi a ganye da 'ya'ya sananniyar alama ce ta dangin. Abin da uwa ke kaɗawa a tukunya kullum, gado ne da waɗannan tsirrai suka ɗauko daga tushe ɗaya.

Tsohon littafin da ke ɗakin karatunmu ya raba su gida-gida: kuka da rimi a wani dangi, goro a wani, lalo a wani. A ƙarshen shekarun 1990 ne masana suka haɗe su, bayan sun gwada sinadarin gadon da ke cikin ƙwayoyin halittarsu. Na nuna wa yaran tsohon littafin da gangan, don su ga cewa rabon nan ba wahayi ba ne, ana gyara shi duk lokacin da hujja ta ƙaru.

Furen kuka ya wuce mu, tun farkon damina yake fitowa. Ganye da ɗanyen ɗa kawai muka samu. Na bar gurbi a kwalinta sai baɗi. Na kuma gaya musu cewa kuka iri takwas ce a duniya: ɗaya tamu ta Afirka, shida a tsibirin Madagaska, ɗaya a Ostireliya.

3 ga Oktoba

Dangin wake. Kowa ya zo da kwanso: wake, gyaɗa, gurjiya, tsamiya, bagaruwa, tafasa, kalgo, da baban rini. Wannan dangi ya kusa kai iri 20,000, shi ne na uku a girma cikin tsirrai masu fure.

Mun tuge wake da gyaɗa muka ga 'yan ƙululun da ke jikin saiwa, inda bakteriya ke zaune tana kama naitirojin daga iska, tsiro ya samu taki ita kuma ta samu abinci. Manomin da ke shuka wake a tsakanin gero da wannan yake amfana. Sai na yi kuskure. Na ce musu duk ɗan dangin nan yana da ƙululun, na tura su su tugo tafasa. Sun tugo ta fi ashirin, ba ko ɗaya. Da daddare na koma karatu na tarar tafasa ba ta yin su, haka ma tsamiya. Washegari na tsaya gaban aji na janye maganata, muka ƙara layi a kwalin tafasa.

Rikicin suna kuma: littafinmu ya ce bagaruwa Acacia nilotica, gawo Acacia albida. Yanzu ba haka ba ne. Bincike ya nuna itatuwan da aka tara a ƙarƙashin Acacia ba zuriya ɗaya ba ce, dole a raba. Babban taron masana tsirrai na duniya na 2005 ya bar wa na Ostireliya sunan, taron 2011 ya tabbatar, duk da ƙorafin masanan Afirka da yawa. Bagaruwa ta koma Vachellia, dakwara Senegalia. Gawo tun kafin nan an ware masa gidansa shi kaɗai, Faidherbia. Ni dai raina bai so yadda aka yi da sunan ba, amma rabon kansa daidai ne. Za mu rubuta sabon suna, tsohon a ƙasa da fensir saboda jarrabawa.

7 ga Oktoba

An ɗebo wuta-wuta tare da saiwar dawar da ta maƙale wa, da kauci daga reshen ɗorawa. Dukansu a jikin wani suke ci, amma ba dangi ɗaya ba ne. Kwali ya kai 38.

12 ga Oktoba

Mun je gonar wani dattijo, kakan ɗaya daga cikin yaran. Na ce: "Baba, yaya kuke fid da iri?" Ya ɗauko damin da ya ware, zangarniya dogaye masu cikar ido, ya ce haka ya ga mahaifinsa na yi. Sannan ya nuna mana shibra, wadda ke tashi cikin gero kamar gero, amma da ta nuna sai ta kakkaɓe 'ya'yanta a ƙasa kafin a zo girbi.

Darasin da na shekara ina fama da shi a allo, ga shi a hannun tsoho. Geron daji zubar da 'ya'yansa yake yi, domin ta haka yake yaɗuwa. Mutanen Sahel na dā suka riƙa ajiye wanda bai zubar ba, shekara bayan shekara, har aka samu geron da ba ya iya yaɗuwa sai da hannun mutum. Burbushin geron gida da aka tono a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali ya kai shekara 4,500. Haka mutanen Meziko suka fitar da masara daga wata ciyawa wajen shekara 9,000 da suka wuce.

Charles Darwin ma da wannan ya buɗe littafinsa na 1859, da zaɓen iri da masu kiwo ke yi, musamman masu tantabara. Daga nan ya ce fari da cuta da yunwa da mafarauta su ma suna tace iri, ba tare da niyya ba: wanda ya dace da wurin shi ke rayuwa ya haihu, 'ya'yansa su gaji halinsa. Na kawo musu misalin kulorokwin, wanda iyayensu suka sha ya yi musu aiki, har ƙwayar zazzaɓin da ba ta jin sa ta yi rinjaye, Najeriya ta sauya magani wajen 2005.

A hanyar dawowa ƙarangiya ta cika mana wando. Na ce su cire guda su duba da kyau, domin yanzu masana sun sa ta gida ɗaya da gero, Cenchrus. Dattijon ya yi dariya ya ce shi bai yarda ba. Na bar shi a kan haka.

19 ga Oktoba

Gara. An yi hutun tsakiyar zango, kwalayen na cikin katan a ƙasan kabad. Da na ɗaga katan ɗin gindinsa ya zube. Ta gina hanya ta tsagar siminti ta cinye kwali 9, ciki har da na magarya da kurna waɗanda suka tsira daga funfuna, da na wuta-wuta wanda yanzu furenta ya fara wucewa. Wasu huɗu ta ɗan taɓa gefensu, za su gyaru. Na daɗe a tsaye ban ce komai ba. Laifina ne, na san ɗakin nan da gara tun ba yau ba.

Da yaran suka zo na sa suka kamo garar a kwalba, wasu suka kamo tururuwa, muka sa su ƙarƙashin gilashin ƙara girma. Tururuwa ƙugunta a tsuke, ƙahonninta a karye kamar gwiwar hannu. Gara jikinta a miƙe, ƙahonninta kamar carbi. Ɗan gara yana ƙyanƙyashewa da siffar manya, ɗan tururuwa kuwa tsutsa ne sai ya rikiɗe. Tururuwa 'yar'uwar zuma da rina ce. Gara kuwa a cikin dangin kyankyaso take, binciken sinadarin gado na 2007 ya ƙarfafa hakan. Zaman gari guda da sarauniya da ma'aikata, kowaccensu ta kai gare shi ta hanyarta daban. Wani yaro daga baya ya ce: "Kama da wane ba ta wane." Na ce ya rubuta a littafinsa, domin rabin aikin masu rabon halittu ke nan, bambance kamar da aka gada da kamar da zama iri ɗaya ya haifar.

22 ga Oktoba

Akwatin ƙarfe 18,000, kafur 1,500, leda 1,500, ƙarin kwali 3,000. Kowane kwali cikin ledarsa, akwati a kan benci, benci nesa da bango. An samo wuta-wuta a wata gonar dawa ta fadama.

26 ga Oktoba

Kafin zanen bango na ga dole su san tsawon zamanin da ake magana a kai. Na sayi igiya mita 46 a kan 4,000, kowace mita shekara miliyan 100, muka shimfiɗa ta a filin ƙwallo. Farkonta samuwar duniya. Sai da muka taka mita 11 kafin mu ɗaura tsumma na farko, wato tsofaffin alamun rai da aka samu a duwatsun yammacin Ostireliya, masu shekara wajen biliyan 3.5. A mita 22 iskar oksijin ta fara taruwa, aikin wasu bakteriya masu launin kore da ke sarrafa hasken rana. Irinsu na nan har yau. Matan Kanembu a ƙasar Cadi suna kwasar wani nau'insu a tafkunan kanwa, su busar, su yi miya da shi, suna kiransa dihe.

Muka yi ta tafiya igiya ba tsumma. Sai saura mita biyar da ɗan kai dabbobi masu ɓawo da ƙafafu suka bayyana da yawa. Saura mita ɗaya da 'yan kai muka ɗaura wa Gadoufaoua, a hamadar Tenere ta Nijar, inda aka tono Nigersaurus, wani dainoso (manyan dabbobin dā da suka ɓace) mai haƙora sama da 500, da ƙaton kada Sarcosuchus. A lokacin wurin koguna ne. Saura santimita 66 dainoso suka ƙare, ban da reshen da ya zama tsuntsaye. Wajen wannan lokaci teku ya ratsa ƙasar Sakkwato. Akwai wata dabbar teku da aka raɗa wa suna Goronyosaurus saboda a yankin Goronyo aka tono ta, kuma dutsen farar ƙasa na Kalambaina da ake siminti da shi cike yake da ɓawon halittun ruwa.

Suka ce ina geron Baba? Na ce shekara 4,500 a igiyar nan ba ta kai kaurin silin gashi ba. Filin ya yi tsit.

2 ga Nuwamba

Zanen gwaji da alli, kuma na goge shi duka. Na bar yaran su tsara, sai suka yi tsani: bakteriya a ƙasa, tsirrai, kifi, kwaɗo, ƙadangare, tsuntsu, dabba, kowa a kan wani. Ba laifinsu ba ne, haka jerin babin littafi yake sa mutum ya zata. Amma tsani yana nuna kwaɗon yau kakan ƙadangaren yau ne, kuma ba haka ba ne. Duk mai rai a yau a bakin reshe yake, tsawon tafiyarsa daidai da ta kowa. Na ce su tuna yadda ake jero salsalar gida. Ɗan baffanka ba kakanka ba ne, kaka kuka haɗa.

Sabon tsari: gindi ɗaya, manyan rassa uku, bisa rabon Carl Woese na 1990. Bakteriya, sai arkiya, wasu ƙananan halittu masu kama da bakteriya waɗanda shi ya fara ware su a 1977, sai masu cibiya a ƙwayar halittarsu, irin su tsirrai da dabbobi. Don arkiya kada ta zama suna kawai, za mu zana saniya da kibiya zuwa tumbinta, inda wasunsu ke zaune suna fitar da iskar gas. Masarautu biyar na Robert Whittaker na 1969, waɗanda manhaja ke tambaya, za su shiga wani akwati a gefe.

Gardama ta tashi a kan laimar kwaɗi. Kowa ya ce wajen tsirrai za ta. Ba ta da koren ganye, ba ta haɗa abincinta da rana, kuma bangon ƙwayoyinta da sinadari ɗaya aka gina shi da ɓawon fara. Reshenta ya fi kusa da na dabbobi. Funfunar da ta cinye mana tsirrai a matsi ma can za ta zauna.

9 ga Nuwamba

Wani masunci ya kawo mini gaiwa mai rai daga fadamar Haɗeja, 2,500, na haɗa da karfasa ta 1,000. Muka sa gaiwa a baho. Bayan ɗan lokaci sai ta ɗago baki ta haɗiyi iska ta koma. Huhu gare ta, in aka hana ta ɗagowa nutsewa za ta yi ta mutu. A maimakon fikafikai tana da wasu siraran gaɓoɓi huɗu kamar igiya, biyu gaba biyu baya. Masuncin ya ba su labarin yadda ake haƙo ta da rani a busasshen laka, a naɗe cikin kwanson majinarta, tana jiran damina tana cin jikinta.

Na tambaye su: gaiwa da karfasa da akuya, waɗanne biyu ne suka fi kusa? Duka suka ce kifayen biyu. Amsar ita ce gaiwa da akuya. Zuriyar gaiwa da ta masu ƙafa huɗu sun rabu ne bayan reshen karfasa da tarwaɗa ya riga ya ware. 'Yan'uwanta da suka rage suna Amurka ta Kudu da Ostireliya. A 2004 an tono wani kifi a arewacin Kanada, Tiktaalik, mai shekara miliyan 375, yana da wuya da ƙasusuwan da suka yi kama da na hannu a cikin fikafikansa. Haka kuma kada ya fi kusa da kaza a kan ƙadangare.

Karfasa ta shiga kwalbar sifirit, sifirit da kwalabe 3,000. Gaiwa kuwa yaran suka roƙa a mayar da ita ruwa, masuncin ya tafi da ita.

13 ga Nuwamba

Tambayar da na san tana tafe ta zo. Wani yaro mai natsuwa, mahaddaci, ya ce: "Malam, ina za a sa mutum? An ce wai daga biri muke."

Na ce masa masana kimiyya ba su ce birin da yake gani ya haifi mutum ba. Abin da suke cewa shi ne jikin mutum da na manyan birai sun haɗa tushe mai nisa, kuma hujjarsu ƙashi ne da sinadarin gado da burbushin da aka tono, irin ƙoƙon kan da aka samu a hamadar Jurab ta Cadi a 2001, mai shekara wajen miliyan 7. Wannan shi ne abin da ilimin ya ce, ba zan ɓoye masa ba kuma ba zan rage ba. Na ce ni Musulmi ne kamarsa, na yi imani Allah ne Mahaliccin kowane mai rai, kuma duk reshen da na zana ƙara mini ganin ikonSa yake yi. Yadda za a fahimci wannan tare da ƙissar Annabi Adamu, alaihis salam, magana ce da malamai suka yi sabani a kanta, ya kai ta gaban malaminsa da ladabi, ni ba fagena ba ne.

Shugaban makaranta ya kira ni ofis bayan an tashi, don maganar ta kai masa. Na ce: "Ranka ya daɗe, mutum yana da gashi, yana shayarwa, yana da ƙashin baya. Linnaeus ɗan limamin coci ne mai imani da halitta, kuma shi ya sa mutum cikin masu shayarwa a 1758, shekara ɗari kafin littafin Darwin." Muka daidaita cewa za a rubuta Homo sapiens a reshen masu shayarwa, ba tare da hoton nan na biri yana miƙewa har ya zama mutum ba. Ban yi jayayya ba ko kaɗan, domin hoton nan tsani ne, irin wanda na goge ranar 2 ga wata.

20 ga Nuwamba

Fenti da burushi 21,000. Makaranta ta ƙara 10,000, tsofaffin ɗalibai suka aiko 20,000. An gama gindi da manyan rassa. Hunturu na busar da fenti da sauri, amma ƙura na manne masa, don haka da sassafe muke yi.

Gawo ya yi ganye har ya fara fure, yanzu da sauran itatuwa ke kaɗewa, mun samu reshe mai kyau. An kawo tinya. Yaran sun zata irin kaktus ɗin fina-finan Amurka ce. Da aka yanka ta farin ƙaro ya fito, na hana kowa taɓawa don yana ƙona ido. Danginta su ne aguwa da rogo da zurman da bini-da-zugu. Zaman fari ne ya ba ta jiki mai ajiye ruwa da ƙaya, kamar yadda ya ba kaktus a wata nahiyar.

27 ga Nuwamba

Kwali 52 a akwati, saura 8. An kashe naira 82,500, daga ciki 37,500 daga aljihuna. Reshen ƙwari da na tsuntsaye ba a gama ba, kuma jemage yana wurin da ba nasa ba, wani ya zana shi kusa da shaho, sai an kankare an mayar da shi cikin masu shayarwa.

Jarrabawa za ta fara mako mai zuwa, aiki zai tsaya. Zango na biyu: furen ɗorawa da na kaɗanya da rani, goriba da giginya waɗanda ganyensu ya fi ƙarfin matsinmu sai an yanka gunduwa-gunduwa, da ziyara wurin wata tsohuwa mai maganin gargajiya da ta yi alkawarin gaya mana sunayen ciyayi bakwai da muka kasa ganewa. Za a duba akwati duk ranar Litinin a ƙara kafur. Na ba yarinyar da ta gano jijiyoyin ganyen magarya makulli na biyu.